Ƙarfe Yana Hucewa

Zuwa ga ƙanena Auta,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan kai da iyali kuna lafiya. Na ce Auta don ni bakina ya ƙi sabawa da "Fasto", duk da Baba ya hana a kira ka da sunan gida.

Ba lafiya ce ta sa na ɗauki biro ba. Baba ya daina shan maganin hawan jininsa. Jiya ina shara na tsinci ƙwayoyin a bayan maƙera, cikin toka. Da na yi magana sai ya ce, "Ba kina wurin ba? Fasto ya ɗora mini hannu, ya ce na warke." Na ce ai addu'a ce ka yi. Ya ce a'a, a wa'azinka ka ce mai bi da Allah ɗaya suke, kamar ƙarfe a wuta, in ya yi ja ya zama wuta. Ka rasa wanda za ka yi wa misali da ƙarfe sai mutumin da ya tsufa a bakin zugazugi? Yanzu wai maganar bakinka ta Allah ce, shi ba zai ɗora ƙwaya a kanta ba.

Ni ma da laifina. Ranar da ka zo ka yi wa'azin nan ni na fi kowa ɗaga murya da "Amin", ina waige-waige ko maƙwabta sun ga ƙanena.

Ka yi wani abu. Ka gaida matarka.

Yayarka.

*

Zuwa ga Yayata,

Alheri da salama su tabbata a gare ki. A ofishin coci na karanta wasiƙarki.

Ba haka nake nufi ba. Nufina shi ne Ruhu yana haɗa mu da Ubangiji har ɗuminsa ya kama mu. Ban taɓa cewa mun zama shi ba. Sai dai Yaya, gaskiya ɗaya ce. Da na ɗora wa Baba hannu, "in Allah ya yarda" ta zo bakina, na haɗiye ta. Jama'ata ba sa son jin ta daga mumbari, wai alamar raunin bangaskiya ce. Sannan na ga Baba ya cire hula yana kallona, mutumin da ya sha ja mini kunne, abin ya yi mini daɗi. Ina jin kunyar rubuta wannan.

Ki lallaɓa shi. Ki ce likita ma Allah ne ya ba shi sani. Da an gama taron farkawa zan zo.

Ki huta lafiya.

Ƙanenki cikin Ubangiji.

*

Auta,

Gaisuwa a taƙaice, don a asibiti nake. Baba ya faɗi shekaranjiya, guduma a hannu. Hannun hagu ya ƙi motsi, baki ya ɗan karkace, amma yana magana.

Nas ta kawo magani, ya datse haƙora. Na lallaɓa, na yi faɗa, na yi kuka. Sai da ta fita ya jawo ni ya ce, "Ke ba ki da hankali. Duk unguwa sun ji abin da ya faɗa. In na sha, na mai da yaron maƙaryaci. Wa zai sake zuwa cocinsa?"

Ka ji ko? Ashe ya san jikinsa bai warke ba. Mutuncinka yake tarewa da ransa. Magana zarar bunu ce, kai ka zaro ta. Lallashi ya ƙare, wanda ya ɗaure shi ne zai kwance.

Yayarka.

*

Zuwa ga Babana,

Ina gaishe ka da jiki, a durƙushe. Yaya za ta karanta maka da ƙarfi, ko nas tana nan kada ta rage murya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Baba, ni ne, Auta. Wanda ya ƙona yatsa a maƙera don ya ƙi jin magana, wanda kake ɗauka a kafaɗa in ruwa ya cika hanya. Na yi kuskure a wa'azi, na kuma yi kuskure a kanka. Kai ka fi ni sanin ƙarfe. Ko ya yi ja yaya, in ka ciro shi ka ajiye, ya huce. Ɗumin ba nasa ba ne, aro ne. Allah yana tare da mu, ya rungume mu, amma shi Allah ne, ni ɗanka ne. Cewa "ka warke" ba nawa ba ne.

Ranar Lahadi na faɗa wa jama'ata haka daga mumbari. Wasu sun tashi sun fita. Don haka babu sauran mutuncin da za ka tare mini. Ka sha magani, ka yafe mini. Gobe ina hanya, in Allah ya yarda.

Ɗanka.

*

Auta,

Gaisuwa. Na ba direban safe wannan ko za ta riske ka kafin ka taso.

Na karanta masa. Da na gama sai ya ce, "Na san ƙarfe yana hucewa. Nawa ne dai ban so a ga ya huce ba." Sai ya miƙo hannun dama, na ba shi ƙwayar da ruwa. Na hagun har yanzu shiru, likita bai yi alkawari ba.

Ya ce in gaya maka, "Ki ce wa Auta ya zo da kayan aiki, ba rigar wa'azi ba. Akwai fartanyar mutane da ban gama ba, shi zai riƙe mini."

Allah ya kiyaye hanya.

Yayarka.