Likita Ya Ce Gwajin Ciki, Inna Ta Ja Hannuna

Anti Rabi'a, don Allah ki taimake ni. Shekarata goma sha bakwai, a Magama muke, kuma shekara uku ke nan kuraje sun tare a fuskata. Ɗaya na bushewa, biyu na fitowa. Ba abin da ban shafa ba, lemun tsami, man goge baki, har zuma, sai da ƙudajen unguwarmu suka san ni. Gwaggo Fatu ta aiko mani da wani mai daga Maraɗi, rubutun jikinsa duk Faransanci. Na yi fari, kurajen kuma suka ƙara fitowa sarai.

Watan jiya za mu Maraɗi suna, a kan iyaka wani jami'i ya karɓi katina na makaranta, ya dubi hoton, ya dube ni, ya ce katin yayata na ɗauko. Ashe mai hoto ya goge kurajen tas don ya kyauta mani. Sai da Inna ta sauko daga mota ta rantse ita ta haife mu, ni da ta cikin hoton. Fasinjoji suka yi ta dariya. Ni ma na yi, amma da muka isa ban fito daga ɗaki ba har aka watse.

Wata shida ina shan maganin asibiti a banza. Likitan fata a Katsina ya ce tunda sun fara barin tabo, akwai wani magani mai ƙarfi, amma sai an yi gwajin jini da na ciki. Inna na jin an ce gwajin ciki ta gyara mayafi ta ja hannuna, ko sallama babu. Har Jibiya tana ba direba labarin tarbiyyar gidanmu. Yanzu ta ce in yi haƙuri, kurajen za su tafi da kansu. Gwaggo kuma ta ce za ta samo mani maganin ba gwaji. Mi zan yi?

Mai Kuraje, Magama

'Yata, na yi dariya, amma na ji zafin da ke ƙarƙashi. Abin da ya hana budurwa fitowa cikin dangi ba ƙarami ba ne.

Inna mutuncinki take karewa, kada ki ga laifinta. Likita kuma ba zarginki ya yi ba. Maganin nan yana nakasa jariri tun a ciki, shi ya sa ake gwada duk macen da za ta sha, ko 'yar limamin gari ce. Ki bari ta huce, ki gaya mata haka, ki kuma gaya mata abin da ya tsare ki a ɗaki ranar suna. Ina zaton ba ta sani ba. Ku koma tare, ku nemi ma'aikaciya mace ta yi mata bayani.

Maganin yana aiki sosai, amma yana busar da leɓe da fata, ana shafe watanni ana sha, ana duba jini, kuma in ya taɓa walwalarki dole ki faɗa wa likita. Haƙuri kuwa ba ya goge tabo. Ku auna, ku yanke shawara tare da likitan.

Tayin Gwaggo ki gode mata, amma kada ki karɓa. Man nan nata ma ki kai wa likita ya gani, irinsa kan ƙara kuraje. Ki daina matsa su, kayan miya kuma a bar wa tukunya.

Allah ya ba ki lafiya, ya sanyaya zuciyar Inna. Ki gaishe ta da kyau.