Kwanukan Kirsimeti Bakwai Sun Dawo

Treichville, Abijan
9 ga Janairu

Zuwa ga Yayana Bulus,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kana lafiya, kai da iyali da dukan mutanen Malumfashi. Allah ya ƙara maka sauƙin ciwon gwiwar nan, ko da yake na san ka, ba ka shan magani sai an yi faɗa da kai. Mu ma muna lafiya. Ɗana Dauda ya samu aiki a tashar jirgin ruwa, sai dai Hausarsa kullum guduwa take yi, Faransanci ya cinye ta.

Na ga saƙonka cewa in tattara in dawo gida, tunda wata goma ke nan da rasuwar maigidana Malam Istifanus. Yaya, na kusa amsa maka da to. Ka san kowace Lahadi da yamma yakan shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakinmu ya karanta Bishara da Hausa ga duk mai son ji. Da ya tafi, na ɗauka daga inda ya tsaya, cikin Luka. Mutum shida ya bar mini, yanzu babu ko ɗaya. Na ƙarshensu Bilya ne, wani ɗan dako da ke tasowa tun daga Adjame, mai yawan tambaya. Da kawunsa ya ji labari, sai ya mayar da shi Katsina, ko sallama ba mu yi ba. Tun daga nan gaisuwata ta yi wa maƙwabta nauyi.

Da Kirsimeti na dafa shinkafa da kaza, na aika kwano takwas cikin gidan hayarmu, kamar yadda muka saba shekara ashirin. Su ma da Sallah ba su taɓa hana mu nama ba. Bakwai suka dawo ko murfi ba a ɗaga ba. Na jera su a ƙasa na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ranar jana'iza.

Na takwas na Hassana ne, mai ɗakin da ke jikin namu. Washegari ta kawo shi da kanta, cike da acheke, wato dambun rogon mutanen nan, da soyayyen kifi. Ta ce mini ita Musulma ce, a haka za ta mutu, kada in wahalar da kaina a kanta. Amma ta roƙe ni in riƙa ɗaga murya ranar Lahadi, wai tun da Malam ya rasu ba ta jin karatun sosai ta bango, ni ƙasa-ƙasa nake yi kamar mai jin kunya. Yaya, ashe shekara da shekaru tana saurare, ba mu sani ba.

Don haka ka yi haƙuri, ba zan dawo bana ba. Tabarmar babu kowa a kanta, kuma hakan yana yi mini ciwo ƙwarai. Amma Lahadin da ta wuce na karanta sura ta goma sha biyar har muryata ta dushe.

Ka gaishe mini da Yaya Saratu, da Inna Ladi, da su Haruna. Ku sa Bilya cikin addu'a, yana can kusa da ku fiye da ni.

Ƙanwarka,
Rifkatu