Ɗan Jatan Landen da Ya Ci Sunan Vinko

Zuwa ga Yayana Jozo,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da Milka da yara a can Ostireliya. Allah ya ƙara maka sauƙin gwiwar nan. Mu ma lafiya ƙalau. An gama tsinkar inabi, ɓaure ya yi kyau bana, har na shanya maka naka.

Na san wasiƙata ta baya ta tayar maka da hankali, to yau kwantar da shi. Ka san tun da idon Vinko ya tafi, mijin nan nawa ya kulle kansa a gida. Farar sandar da asibiti suka ba shi ya rataye ta bayan ƙofa, wai shi ba zai bi gari yana ƙwanƙwasa duwatsu ana tausaya masa ba. Ana cikin haka 'yarmu Dunja, sarauniyar shige-shigen koguna, ta kamo wani ɗan jatan lande a ruwan kogon da ke ƙasan gonarmu. Da kaɗan ya fi ƙwayar shinkafa, fari fat, ba shi da ido sam. Ta daɗe tana leƙa shi a madubin ƙara girma, tana zana ƙafafunsa gashi-gashi, har ta tabbatar ba wanda ya taɓa bayyana irinsa. A tsarin masana halittu irinta, wanda ya bayyana sabuwar halitta shi ke raɗa mata suna, kuma in an buga ba a sakewa. Ita kuwa ta sa masa sunan ubanta da 'yar wutsiyar Latin irin ta sunayen kimiyya, wai za ta ba shi mamaki.

Ai kuwa ya sha mamaki. Maƙwabcinmu Grgo, ka san bakinsa, shi ya fara gani a jarida. Ya leƙo ta katanga yana cewa, "Barka, Vinko! An yi maka takwara, shi ma makaho, shi ma ba ya fita daga rami!" Yaya, na ji kamar in kwaɗa masa tukunyar kabeji. Daga ranar Vinko ya daina amsa wayar yarinyar. Ya ce 'yar cikinsa ta buga makantarsa a littafi don duniya ta karanta. Ni da ke tsakaninsu har na rame.

Ran Lahadi bayan coci sai ga Dunja da ɗan jatan landen a kwalba cikin jakar ƙanƙara. Ba ta ba shi haƙuri ba, ka san inda ta gado taurin kai. Ta juye ruwan a kwano, ta kama hannunsa ta tsoma. Ya zabura ya ce, "Ke, mene ne ke shafa ni haka?" Ta ce gashin bakin abin ne, dogaye, da su yake taɓa hanya. Ta ce, "Baba, kai ka fara shiga da ni kogon nan ina ƙarama, shi ya sa na sa masa sunanka. Na rantse ko tuna maganar ido ban yi ba." Ya bar hannunsa a ruwa. Can ya tambaya ko abin yana karo da duwatsu. Ta ce duk zaman kallon da ta yi masa ba ta taɓa gani ba.

Washegari ina shanya sai na ji ƙwas-ƙwas a dutsen tsakar gida. Ina juyawa na ga Vinko da hularsa da farar sanda, ya nufi ƙofa. Na tambaye shi ina zuwa, ya ce, "Zorka, ba ni hanya, na ɗauko gashin bakina. Wajen Grgo za ni, in ji shi wace dabba ce ta taɓa cin sunansa." Na zauna a kan kwandon wanki na yi kuka har na gode Allah, irin kukan da ke sauke nauyi daga ƙirji.

Dunja ta mayar da abin kogo, don ubanta ya ce kada a bar takwaransa a kwalba. Tana gaida Kawunta. Ka gaishe mini da Milka da Zvonko da 'yar Lucija. Vinko ma da ya gaishe ka, amma ba ya gida.

Ƙanwarka,
Zorka