Tambayar Malam Sani a Zaure

Talata, bayan isha'i, Gusau.

Yau na shiga gida na shida a bincikenmu kan iyalan da ciwon daji ya raba da 'ya'yansu. Garin Magami na je, wurin Inna Hadiza, wadda 'yarta Rabi ta rasu bara tana shekara biyar. Ta amsa tambayoyina tana ɓarar gyaɗa, kowace amsa ta ƙare da "sai haƙuri".

Zan fita ke nan mijinta, Malam Sani, ya tsayar da ni a zaure. Ya ce, "Malama, mu maza ba a tambayarmu komi?"

Na duba takardata, kunya ta kama ni. Duk tambayoyin na uwa ne. Na ce ina saurare.

Ya ce shi ya riƙa kai Rabi asibiti a babur, tana ƙanƙame da rigarsa. Har yau in ya zo gargada yakan rage gudu don kada ta ji ciwo, sai daga baya ya tuna ba kowa a bayansa. Ya ce, "Ranar gaisuwa kowa cewa yake in daure, in lallashi uwatta. Ban taɓa faɗi ma kowa ba."

Gidaje biyar na wuce, gaisuwa kawai na yi da mazan a ƙofa. Ko me suke riƙe da shi?

Babu gurbin maganarsa a takardar, sai na rubuta a bayanta. Gobe bayan takardar zan fara nuna wa shugabar bincikenmu.