Bokitina a Dajin Lucille

Litinin, 4 ga Maris
A shaida, a kuma adana saboda 'yan baya: yau ni, marubucin shafi ɗari huɗu kan tarihin tatsar ruwan zaƙi daga bishiyar mapul a Vermont, na sayi takalmin roba.

Corinne ce ta jawo, ɗalibata 'yar ajin ƙarshe. Jami'a ta fito da wani tsari, wai koyo da hannu. Yarinyar ta tare a dajin wata tsohuwa, Lucille, tana tatsa tana dafawa, ta bar rabin darussana. Tana so aikin ya maye gurbin jarrabawa. In ban sa hannu a takardar amincewa zuwa 15 ga wata ba, babu kammalawa bana. Na ce ɗaukar bokiti ba ilimi ba ne. Ta ce, "Zo ka ɗauki ɗaya, Farfesa."

Alhamis, 7 ga Maris
Takardar na kan tebur. Na ɗora mata kofi. Na kasa zama.

Asabar, 9 ga Maris
Na je. Lucille ta dube ni sama da ƙasa. "Kai ne mai littafin? Da shi nake tokare ƙofa. Yana da nauyi, ba laifi."

Ta miƙo min abin huda. Na zaɓi bishiyar da ta fi girma, na huda, na rataya bokiti, na yi wa ɗaliban da ke aiki a wurin jawabi. Corinne ta buɗe baki, tsohuwa ta take mata ƙafa. Hassada, ina jin.

Lahadi, 10 ga Maris
Mil arba'in na tuƙa don in leƙa bokiti. Na kowa na ɗiga. Nawa ƙayau. Sanyi ne, babu shakka.

Talata, 12 ga Maris
Zuwa na uku. Corinne ta ce in cire safar hannu in shafa ɓawon bishiyata, sannan in shafa na wadda ke kusa da ita. Ba ɗaya ba ne.

"Taka ba mapul ba ce, Farfesa. Hotunan littafinka duk da ganye. A Maris babu ganye."

Bishiya ɗari tara, duk ta ɓawo Corinne ke gane su. Ni shekara ashirin...

Lucille ta ce, "Bar masa bokitinsa, 'yar nan. Yana tara ruwan sama."

Alhamis, 14 ga Maris
Na sa hannu. Sakatariya ta yi ƙorafin tabon kofi.

Takalmin, na fasa mayarwa. Yarinyar ce da gaskiya, ba ni ba.