Tiyon Da Na Sa Aka Binne A Bangon Yayana

Assalamu alaikum jama'a. Admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, tsoho ne ke tambaya, ku yi haƙuri da tsawon zancen.

Ni mutumin garin Isa ne, na haura saba'in. Gidanmu gidan malamai ne, amma ni fatauci ya ɗauke ni tun ina saurayi, Maradi, Abidjan, Kwatano, har Jidda na zauna. Yayana shi ya riƙe makarantar mahaifinmu, kuma shekaru da yawa ba ma shiri saboda na bar karatu. Sai da na dawo gida da furfura muka daidaita, lokacin idanunsa sun kusa tafiya.

Wata rana na ga ya yi tuntuɓe da buta zai yi alwala, abin ya tsaya mini a rai, na ce za ni ja masa ruwa daga tanki har cikin ɗakinsa. Na kira wani mai aikin famfo, magidanci ne mai 'ya'ya huɗu. Ya ce a bi da bututu ta kan bango, na ce a'a, a Jidda da Abidjan ba ka ganin bututu a fili, kuma makaho zai yi ta karo da shi, a binne. Ya ce to sai an samo bututu mai tauri da mahaɗansa daga Sakkwato. Ni kuwa tafiya ta taso mini, ga tiyo mai lanƙwasa a jakarsa, irin wanda ake sawa ƙarƙashin wurin wanke hannu, na ce ya sa shi. Ya ce, "Baba, wanga ba a binne shi, wurinsa inda ido ke gani, in ya yi tsatsa a canza." Na amsa masa da Faransanci don in burge, sannan na ce na sha ruwan famfo a ƙasashe da yawa tun ba a haife shi ba. Ya sunkuyar da kai, ya sa, aka shafe da siminti.

A jikin wannan bangon aka rataye gafakokin mahaifinmu, Alƙur'anin da ya rubuta da hannunsa, da takardun da ya yi wa sharhi da ajami. Bangon laka ne, siminti a fuska kawai. Sama da shekara ruwa na tsattsafowa a ciki ba wanda ya sani, sai da wari ya tashi. Da aka sauke gafakokin, takardu sun manne kamar ƙullu, tawada ta narke. Yaya ya karɓa ya shafa, ya kai hanci, ya ce a karanta masa shafi ɗaya. Ba a samu ko layi ba. Ban ga hawayensa ranar da muka binne mahaifiyarmu ba, ranar nan na gani.

Da aka fasa bangon aka ga tiyon, kowa ya ce mai famfo ya yi ha'inci. Ni ina tsaye, ban ce komai ba. Yaya ya faɗa a masallaci kada a ƙara ba shi aiki, kuma maganar Yaya ba ta faɗuwa a unguwarmu. Yanzu mutumin ƙwadago yake yi a gonakin Tozai. Mun haɗu ranar kasuwa, ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Baba kada ka damu, ban gaya wa kowa ba." Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Abin da ke riƙe ni, Yaya yana da hawan jini, kuma duk sanda ya tuna famfon sai ya ce, "Ƙanena ya yi niyyar alheri, aka cuce shi." Ina tsoron in na faɗa, abin da muka gyara da ƙyar ya sake tsagewa, ya ce da can na bar littattafan, yanzu na dawo na kashe su. A wasu garuruwan da na zauna sai ka sallami mutum da kuɗi a ɓoye a wuce wurin, amma nan sunansa aka ɓata, kuma a masallaci.

Jiya Yaya ya ce in kawo masa mai famfon ranar Juma'a bayan an sauko, yana so ya gaya masa a fuska cewa bai yafe ba, ni kuma in zauna shaida. Na san mutumin, zai yi shiru ya ɗauka.

Jama'a, in sami Yaya shi kaɗai kafin Juma'ar, ko in bari sai a gaban mutumin in faɗa? Kuma da wace kalma za ni fara?