Farar Rigar Yaji

Potiskum,
3 ga Maris, 1977.

Zuwa ga Malam Muhammadu Lawan, a Maiduguri.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya zafin can? Mu nan alhamdulillahi. Ni ne Yaji. Ɗantala mai rubuta wasiƙa a bakin gidan waya ne yake rubuta min, na kuma ce kada ya gyara min magana.

Malam, shekara tara ke nan ina aiki a ɗakin yaran nan na bayan asibiti, kai ka kawo ni da hannunka, amma har ka tafi ba a taɓa ba ni farar riga ba. A takarda ni mai gadi ne. Mai gadin me? Ni nake zama da yaran da ba sa magana, ba sa kallon idon mutum, masu wuni suna jijjiga jiki. Ni ake ciza. In ka ga hannuna yanzu sai ka ce kare na yi kokawa da shi.

Da mu uku ne. Gumsu ta bari, ta ce gara ta soya ƙosai. Wanda aka kawo a madadinta bai yi sati ba. Saura ni da Fanna a kan yara tara, salla ma sai ɗaya ya jira ɗaya. Sauran ma'aikata kuwa masu kiwon iska suke ce mana, ba mai zama ya ci abinci kusa da mu.

Ka tuna Hawwa'u 'yar Kaumi na Danchuwa, wadda aka kawo da shatin igiya a ƙafa? Yadda likitar nan ta koya mana kafin ta koma ƙasarsu, haka nake yi da ita. In zauna gabanta, in ajiye kofi, in ce ɗauki. In ta ɗauka in ba ta ɓarin dabino. In ba ta ɗauka ba in yi shiru, in sake. Shekara huɗu muna haka. Yanzu tana ci da kanta, ta daina buga kai da bango, jiya kuma ta ce ruwa. Da kunnena na ji.

Wannan ce wasiƙata ta uku. Ka yi min maganar rigar nan a ma'aikatarku.

Naka,
Yaji.


Potiskum,
29 ga Maris, 1977.

Malam Muhammadu Lawan,

Ina gaishe ka, ina gaida yara, Allah ya sa kowa lafiya. Ban ga amsarka ba.

Riga ta zo. Ban sani ba ko kai ne. Malam Saleh, sabon shugaban da aka sa a wurinka, ya ce daga yanzu duk mai shiga ɗakin yara sai da fararen kaya, kada baƙi su zo su ga wuri kamar kasuwa.

Zan faɗa maka gaskiya. Na san Hawwa'u ba ta son fari. Ranar da aka kawo ta, mutum uku masu fararen kaya ne suka danne ta aka yi mata allura. Ko malamin jinya ya gifta ta taga sai ta toshe kunne. Na sani sarai. Amma da na riƙe rigar nan sai zuciyata ta ce ai ni ne, ni za ta gane. Na sa aka goge min ita, na bi ta gaban masu yi mana dariya, na shiga.

Ba ta gane ni ba. Ta yi ƙara irin wadda ban ji ba tun shekarar farko, ta buga goshi da bango har ya fashe. Na tuɓe rigar a nan take na jefar waje, na tsaya daga ni sai 'yar shara. Sai da na sa tsohuwar shuɗiyar rigata na zauna a bakin ƙofa tun hantsi har la'asar kafin ta yarda na matso.

Na gaya wa Malam Saleh ba zan ƙara sawa ba. Ya ce ni na yi shekaru ina damun mutane a kanta, yanzu kuma na ƙi, to taurin kai ne. Na ce ya zo ya zauna da mu wuni ɗaya ya gani. Bai zo ba. Ya ce zai kai ƙarata a rubuce.

Fanna tana kuka kullum, ta ce in aka cire ni ita ma ba za ta iya ba. Ka yi masa magana, zai ji taka.

Naka,
Yaji.


Potiskum,
8 ga Afrilu, 1977.

Malam,

Gaisuwa da fatan alheri gare ka da mutanen gida. Ba zan tsawaita ba.

An mai da ni bakin ƙofar asibiti tun Litinin, an ce takarda ta ce mai gadi. An kawo wasu mutum biyu daga ɗakin masu ciwon ƙafa a madadina. Ba mugaye ba ne, amma ba wanda ya nuna musu komai. Suna ba Hawwa'u dabino don ta yi shiru, wato suna koya mata ta yi ƙara ke nan. Kwana huɗu ba ta ci abin kirki ba. Daga inda nake zaune ina jin muryarta, ina buɗe wa motoci ƙofa.

Kaumi ya zo jiya ya ga goshinta. Bai yi faɗa ba. Ya ce ranar Laraba in ya kawo shanu kasuwa zai tafi da ita. Ka san ba mugunta ba ce, suna gona, ga rijiya a tsakar gida, ba mai tsaron ta. Igiyar nan za a mayar mata.

Na roƙe shi ya jira, ya tambaye ni wa zai riƙe ta.

Ga abin da nake so. Ban ce a mai da ni har abada ba, na tsufa, gwiwata ma ta gaji da zaman tabarma. A ba ni kwana arba'in a ɗakin, da kayana na gida. Fanna ta zauna kusa da ni, ita ta riƙa ajiye kofi, ni in riƙa ja da baya taku ɗaya kullum har in kai ƙofa yarinyar ba ta lura ba. Haka ake miƙa irin yaran nan, kai ma ka sani, tare muka koya. Bayan nan a sallame ni in ana so, ba zan ƙara rubuta wa kowa ba.

Malam Saleh ya ce sai da izini daga Maiduguri. Na je wurin babban likita, an ce yana taro. Na koma, an ce ya fita. Kai kaɗai ka rage.

Wannan wasiƙa ban sa ta a gidan waya ba, direban motar da ke tashi gobe da safe zai kawo maka har ofis, zai kuma juyo ranar Talata. Na ce kada ya baro ka hannu wofi. In e ne ka rubuta e, ka sa hannu. In a'a ne ka rubuta a'a, in san cewa mutum ne ya faɗa. Laraba da hantsi Kaumi zai tsaya a gabana a ƙofar nan, ni zan buɗe masa. Ka gaya min me zan ce da shi.

Yaji.